Da An Sauya 'Yan Takara: Waiwaye Kan Zaɓen Shugaban Ƙasa na 1979

Gabatarwa

Hausawa kan ce da-na-sani ƙeya ce, a baya take. Wannan ya sa mutane da yawa suke ɗaukar tambayar "da abu kaza ya faru, da me zai biyo baya?" a matsayin zancen zaman hira, wanda bai cancanci masana su ɓata lokacinsu a kansa ba. Amma in an lura sosai za a ga cewa duk wanda ya ce abu kaza ne ya haddasa abu kaza, to, a fakaice ya riga ya yi irin wannan tambaya, domin ma'anar maganarsa ita ce da babu na farko da na biyu bai auku ba. Saboda haka kalmar "da" ma'auni ce da mai nazarin tarihi ke auna nauyin dalilai da ita, muddin dai ya kiyaye sharaɗi guda, watau kada ya zato sai abin da ya kusa faruwa da gaske, wanda mutanen zamanin suka gani a gabansu, suka iya zaɓarsa amma suka bar shi.

Maƙasudin wannan lacca shi ne a ɗora wannan ma'auni a kan zaɓen shugaban ƙasa da aka yi a Nijeriya ran 11 ga Agusta, 1979. An zaɓi wannan zaɓe ne don dalilai biyu. Na farko, shi ne karo na farko da jama'ar ƙasar suka zaɓi shugaba mai cikakken iko da ƙuri'arsu kai tsaye, bayan shekara 13 ana mulkin soja. Na biyu, hukuncinsa ya rataya ne a kan ƙuri'u ƙalilan na jiha ɗaya tak, watau Jihar Kano. Inda tazara ta yi ƙanƙanta haka, sauya mutum ɗaya cikin jerin 'yan takara na iya sauya abubuwa da yawa.

Abin da Ya Faru

Gwamnatin Janar Olusegun Obasanjo ta ɗage takunkumin siyasa ran 21 ga Satumba, 1978. Ƙungiyoyi masu yawa suka nemi rajista, amma hukumar zaɓe ta FEDECO, ƙarƙashin Cif Michael Ani, biyar kaɗai ta amince da su. Ga yadda 'yan takararsu suka ƙare cikin ƙuri'u 16,846,633 da aka jefa: Alhaji Shehu Shagari na NPN ya sami 5,688,857, Cif Obafemi Awolowo na UPN ya sami 4,916,651, Dokta Nnamdi Azikiwe na NPP ya sami 2,822,523, Malam Aminu Kano na PRP ya sami 1,732,113, Alhaji Waziri Ibrahim na GNPP kuwa ya sami 1,686,489.

Sai dai yawan ƙuri'a kaɗai bai isa ba. Waɗanda suka tsara dokar sun ga abin da siyasar jihohi uku ta jawo a Jamhuriya ta Farko, don haka suka shar'anta cewa lalle ne mai nasara ya sami aƙalla rubu'in ƙuri'un da aka jefa a kowace ɗaya daga cikin sulusi biyu na jihohin ƙasar. Jihohin kuwa 19 ne tun daga watan Fabrairu na 1976, lokacin da Janar Murtala Muhammad ya ƙara yawansu, kuma 19 ba ta rabuwa gida uku daidai. Shagari ya sami rubu'i a jihohi 12: Sakkwato, Neja, Kaduna, Bauchi, Borno, Gongola, Filato, Binuwai, Kwara, Bendel, Ribas da Kuros Riba. A Jihar Kano, wadda a lokacin ta haɗa da Jigawa ta yanzu, ya sami ƙuri'a 243,423 daga cikin 1,220,763, watau kashi 19.94 cikin 100.

A nan ne lauyan NPN, Cif Richard Akinjide, ya kawo hujjar da ta shahara, cewa sulusi biyu na 19 shi ne 12 da sulusi biyu, ba 13 ba. Bisa wannan lissafi, sulusi biyu na ƙuri'un Kano shi ne 813,842, rubu'insa kuwa bai kai 203,500 ba, adadin da Shagari ya zarce. FEDECO ta bayyana shi a matsayin zaɓaɓɓe ran 16 ga Agusta. Awolowo ya kai ƙara, kotun zaɓe ta kori ƙarar, sa'an nan ran 26 ga Satumba Kotun Ƙoli ƙarƙashin Mai Shari'a Atanda Fatai-Williams ta tabbatar da zaɓen, alƙalai shida suka amince, Mai Shari'a Kayode Eso ya saɓa. Kwana biyar bayan haka aka rantsar da sabon shugaba a Ikko.

Akwai adadi ɗaya da ya kamata a riƙe cikin duk abin da zai biyo baya. Rubu'in ƙuri'un Kano gaba ɗaya shi ne 305,191. Abin da ya hana Shagari kaiwa nan bai cika ƙuri'a 62,000 ba, watau kamar mutum ɗaya cikin kowane ashirin da suka jefa ƙuri'a a jihar. A kan wannan ɗan giɓi ne za a auna kowane zato.

Zato na Farko: Da NPN Ta Tsayar da Ɗan Masanin Kano

NPN ta riga ta ƙudura cewa ɗan takararta daga Arewa zai fito, mataimakinsa daga Gabas, shugaban jam'iyya kuwa daga Yamma. A babban taronta na Ikko cikin Disamba, 1978, mutum shida ne suka nemi tutar: Shehu Shagari, Alhaji Yusuf Maitama Sule, Malam Adamu Ciroma, Dokta Olusola Saraki, Joseph Tarka da Farfesa Iya Abubakar. Shagari ya zo na ɗaya a zagayen farko ba tare da ya sami rinjayen da ake bukata ba, Maitama Sule na biye da shi, sai Ciroma. Ba a kai ga zagaye na biyu ba, domin sauran sun janye masa. Ashe ke nan zaton cewa Maitama Sule ya sami tutar ba mafarki ba ne, domin da waɗanda ke bayansa sun haɗa masa kai da labarin ya sha bamban.

Hujjar masu ganin da hakan ya faru da ba a yi rigimar lissafi ba tana da ƙarfi. Ɗan Masani haifaffen birnin Kano ne, tsohon ministan ma'adinai da lantarki a gwamnatin Abubakar Tafawa Ɓalewa, kuma mai baiwar magana da ba a cika samun irinsa ba. Ba sai ya kayar da Malam Aminu ba, abin da ake nema gare shi kurum shi ne ya janye mutum ɗaya cikin ashirin. Daɗin daɗawa, ba a ganin zai yi asarar ko ɗaya daga cikin jihohin nan 12, domin ko a inda NPN ta fi rauni cikinsu, kamar Borno da Filato da Gongola da Bendel, ta sami wajen sulusin ƙuri'u, abin da ya ba ta rata mai yawa a kan rubu'i. Jama'ar Ribas da Kuros Riba da Binuwai kuwa jam'iyyar suka bi, saboda tsohon ƙawancen ƙananan ƙabilu da 'yan siyasar Arewa, ba don sanin Shagari na musamman ba.

Amma fa akwai abin dubawa a ɗaya gefen. Gaskiya ne Maitama Sule ya taɓa kayar da Malam Aminu a zaɓen majalisar tarayya na 1954, sai dai wancan zaɓe ne na wakilai mataki-mataki, a zamanin da En'e ke da cikakken ƙarfi, kuma mata ba sa jefa ƙuri'a a Arewa. A 1979 talakawan karkara da matan aure sun fito da kansu, kuma ƙuri'a 932,803 suka bai wa Malam. Makonni biyu kafin nan, ɗan takarar gwamna na NPN, wanda shi ma ɗan jihar ne, ya sha kaye ƙwarai a hannun Alhaji Muhammadu Abubakar Rimi. Wannan ya nuna zama ɗan gida kaɗai ba ya sauya zuciyar mai ƙuri'a in rigimar ta aƙida ce. Mai yiwuwa ma tsayar da mai sarautar fadar Kano ya ƙara tunzura magoya bayan PRP. Duk da haka, idan an auna ɓangarorin biyu, ƙanƙantar giɓin ta sa zaton ya fi karkata ga cewa Ɗan Masani zai iya cike shi.

Game da Malam Adamu Ciroma kuwa, lissafin bai goyi bayan zaton ba. Shi mutumin Fataskum ne, wadda ke cikin Jihar Borno a lokacin, kuma NPN ta riga ta sami rubu'inta a can. Tsohon editan jaridar New Nigerian kuma tsohon gwamnan Babban Banki zai iya sauya salon mulki, amma ba shi da wata hanya ta musamman ta kawo jiha ta goma sha uku.

Zato na Biyu: Da Sunan Malam Aminu Bai Fito a Takardar Ƙuri'a Ba

Wannan ya kusa faruwa har sau biyu. Da fari, Malam Aminu yana cikin waɗanda suka halarci tarurrukan ƙungiyar da daga baya ta zama NPN, kafin ya fice ya jagoranci PRP. Daga baya kuma FEDECO ta ƙi amincewa da takararsa, da ta Azikiwe, a kan batun takardun biyan haraji, sai da kotu ta wanke kowannensu kafin ranar zaɓe.

Lissafin wannan zato a fili yake. Da mutum ɗaya cikin kowane goma sha biyar na masu zaɓen Malam a Kano ya koma wa Shagari, da an cike giɓin. Abin mamaki ma shi ne ko da Shagari bai ƙaru da ƙuri'a ko ɗaya ba, da kimanin mutum 247,000 daga cikin magoya bayan Malam sun yi fushi sun zauna a gida, da jimlar ƙuri'un jihar ta ragu har 243,423 ɗin nan ta zama rubu'i cif. Ashe ke nan hukuncin da ya maido da Malam cikin takara shi ne ya share fagen shari'ar da ta je Kotun Ƙoli.

To, amma me za a samu, me kuma za a rasa? Da hana shi takara aka yi, da an kauce wa gardamar lissafi an faɗa cikin wadda ta fi ta muni, domin jihar da ke cikin mafiya yawan jama'a a ƙasar za ta ɗauka an toshe bakinta da gangan. Da kuwa zama ya yi cikin NPN, da ƙuri'un jam'iyyun biyu a haɗe sun kai 7,420,970, watau kashi 44 cikin 100, rinjayen da babu mai ja da shi. Sai dai a nan ne ake bukatar hattara. Ƙuri'a ba hatsi ba ce da za a juye daga wannan buhu zuwa wancan ba tare da ta zube ba. Mabiya Malam magadan NEPU ne, wadda aka kafa tun 1950 don yaƙi da zaluncin masu sarauta, kuma da yawa cikinsu sun sha ɗauri da bulala a kan wannan aƙida. Da wuya a ce dukansu za su bi shi zuwa inuwa ɗaya da magadan NPC. Abin da ya faru bayan 1980, lokacin da PRP ta dare gida biyu, 'yan Santsi da 'yan Taɓo, a kan batun yadda za a yi hulɗa da gwamnatin tarayya, ya isa shaida. Haka kuma da babu PRP a matsayin jam'iyya mai cin gashin kanta, da wuya a sami gwamnatocin Rimi a Kano da Alhaji Abdulƙadir Balarabe Musa a Kaduna, waɗanda suka soke haraji da jangali da hawansu mulki. Manomi da makiyayi su ne za su biya kuɗin wannan sulhu na manya.

Zato na Uku: Da NPP Ba Ta Rabu Ba

Waziri Ibrahim yana cikin manyan waɗanda suka kafa NPP, tare da 'yan siyasar ƙananan ƙabilu da tsoffin 'yan NCNC. Rikici ya tashi a ƙarshen 1978 saboda ya nemi ya riƙe shugabancin jam'iyya da takarar shugaban ƙasa gaba ɗaya. Da aka ƙi, sai ya fice ya kafa GNPP da takensa na siyasa ba da gaba ba, waɗanda suka rage kuma suka gayyato Azikiwe ya zama ɗan takararsu.

In an haɗa ƙuri'un mutanen biyu za a sami 4,509,012, wanda har yanzu yana ƙasa da na Awolowo da fiye da 400,000. Saboda haka haɗaɗɗiyar NPP ba za ta ci zaɓe ba. Muhimmancin zaton yana wani wuri dabam. Da Waziri ne ɗan takara, da Azikiwe bai tsaya ba, kuma kusan miliyan 2 daga cikin ƙuri'unsa daga Anambra da Imo suka fito. Waɗannan ƙuri'u ne na ƙauna ga mutum guda, shekara tara kacal bayan ƙare yaƙin basasa. In babu shi, sai jama'ar jihohin biyu su zaɓa tsakanin Waziri, da Awolowo wanda yawancinsu ke riƙe da shi a zuci tun zamanin yaƙi, da kuma Shagari wanda ɗansu Dokta Alex Ekwueme ke mara wa baya. Tun da Shagari ya sami fiye da kashi 13 cikin 100 a Anambra alhali Azikiwe na cikin takara, ba abin mamaki ba ne ya kai rubu'i in babu shi. Ta haka jiha ta goma sha uku za ta iya fitowa daga Gabas maimakon Kano. Wannan ya nuna cewa gardamar kujera tsakanin 'yan wata jam'iyya, wata tara kafin zaɓe, ta taka rawa a rikicin da ba su da hannu a cikinsa kai tsaye.

Zato na Huɗu: Da Awolowo da Azikiwe Sun Tsayar da Mutum Ɗaya

Wannan shi ne zaton da aka fi yawan ambata a Kudu. Ƙuri'unsu a haɗe 7,739,174 ne, sun zarce na Shagari da fiye da miliyan 2. Amma dokar da ta wahalar da Shagari za ta fi wahalar da su. Awolowo ya sami rubu'i a jihohi shida kawai: Legas, Ogun, Oyo, Ondo, Bendel da Kwara. Azikiwe ya samu a uku: Anambra, Imo da Filato. Tara ke nan, kuma ko an tattara 'yan ƙuri'un da suka tsinta a sauran wurare ba za a kai goma sha uku ba.

Wasu kan ce kuskuren Awolowo shi ne ɗaukar mataimaki daga Kudu, watau Cif Philip Umeadi na Anambra, maimakon ɗan Arewa. Alƙaluman zaɓen ba su ƙarfafa wannan ra'ayi ba. Umeadi bai kawo masa ko kashi 1 cikin 100 a Anambra ba. Farfesa Ishaya Audu, tsohon shugaban Jami'ar Ahmadu Bello, wanda ya mara wa Azikiwe baya, bai kawo masa abin kirki a Jihar Kaduna ba. Haka Samuel Ikoku bai buɗe wa Malam Aminu ƙofar Gabas ba. A 1979 jama'a na duban wanda ke gaba ne, ba wanda ke biye da shi ba.

Bugu da ƙari, tarihi da kansa ya gwada wannan zato. A 1982 jam'iyyun adawa suka ƙulla ƙawancen PPA da niyyar tsayar da mutum ɗaya a 1983. Aka yi ta taro, amma babu wanda ya yarda ya janye wa ɗan'uwansa cikin dattawan biyu, suka sake tsayawa kowa da tutarsa. Abin da ya gagara bayan an ɗanɗana kaye, da wuya a ce zai yiwu tun kafin a ɗanɗana.

Da An Je Zagaye na Biyu

Dukan zatuttukan da suka gabata suna komawa ga tambaya ɗaya: me zai faru in babu wanda ya cika sharaɗi? Dokar lokacin ta tanadi cewa 'yan majalisun tarayya da na jihohi ne za su zaɓa tsakanin mutum biyu na gaba. An riga an zaɓe su cikin watan Yuli, don haka ana iya lissafa su. A Majalisar Dattawa mai kujera 95, NPN na da 36, UPN 28, NPP 16, GNPP 8, PRP 7. A Majalisar Wakilai mai kujera 449, NPN na da 168, UPN 111, NPP 78, PRP 49, GNPP 43. In an haɗa da kujeru 1,347 na majalisun jihohi, jimla ta zama 1,891, inda NPN ke da 691, UPN 472, NPP 320, GNPP 208, PRP 200.

Mai neman rinjaye yana bukatar 946. Ko da GNPP da PRP sun bi Awolowo gaba ɗaya, 880 zai samu. Shagari kuwa in ya sami NPP ya kai 1,011. Awolowo ma in ya haɗa NPP da GNPP ya kai 1,000. Ashe mabuɗin yana hannun Azikiwe. Da farko ya bi sahun Awolowo da Waziri wajen ƙin amincewa da sanarwar FEDECO, amma ba a daɗe ba jam'iyyarsa ta ƙulla yarjejeniya da NPN, ta sami kujerar kakakin Majalisar Wakilai da muƙaman ministoci, har zuwa 1981 da ƙawancen ya watse. Wannan ya sa ake kyautata zaton zagaye na biyu ma Shagari zai bai wa nasara, sai dai bayan ciniki mai tsada, a cikin 'yan kwanakin da suka rage kafin 1 ga Oktoba, sojoji kuma na tsaye suna kallo.

Kammalawa

Abin da wannan awo ya fitar shi ne cewa sauya 'yan takara zai fi sauya yadda aka ci zaɓen fiye da jam'iyyar da ta ci. NPN ce kaɗai ta bazu a ƙasar har ta doshi sharaɗin, sauran huɗun kowace ta tsaya ne inda tsohuwar jam'iyyar jagoranta ta yi ƙarfi kafin 1966. Amma yadda aka ci ɗin ba ƙaramin abu ba ne. Gwamnatin da ta hau bisa hukuncin kotu a kan ɓangaren jiha ta fara aiki ne alhali wani babban sashe na ƙasar na ganin an yi masa fashi, kuma wannan ɗaci ya bi ta har zaɓen 1983 mai cike da ƙorafi.

Akwai kuma abubuwan da babu ɗan takarar da zai iya kawar da su. Kasuwar man fetur ta faɗi daga 1981, abin da ƙasar ke haƙowa ya sauko daga sama da ganga miliyan 2 a rana zuwa ƙasa da miliyan ɗaya da rabi, har aka kafa dokar tsuke bakin aljihu a 1982. Sojojin da suka saba da mulki kuma suna nan, su ne suka dawo ran 31 ga Disamba, 1983. Ɗan Masani ko Awolowo zai iya sarrafa wannan hali da wata dabara dabam, amma ba zai hana shi zuwa ba.

Saura darasi ɗaya, wanda ya shafi masu rubuta doka. Da jihohin 18 ne ko 21, kamar yadda suka zama 21 a 1987, da ba a taɓa jin zancen 12 da sulusi biyu ba. Masana sun zauna sun tsara sharaɗi mai kyau don haɗa kan ƙasa, amma ba su fayyace yadda za a raba 19 gida uku ba, sai ranar da bukata ta zo, alhali ba a fafe gora ranar tafiya. Tsarin mulkin 1999 ya riƙe wannan sharaɗi, kuma jihohi 36 suna rabuwa daidai su ba da 24. Duk da haka a zaɓen 2023 sai da aka sake zuwa Kotun Ƙoli a kan matsayin Abuja cikin lissafin, shekara 44 bayan shari'ar ƙuri'un Kano.